Dokar tsakiyar birnin Faris: ratsawa aka hana, ba mota ba

Tun da hukumar birnin Faris ta kafa sabbin alluna a bakin titunan tsakiyar gari ranar 4 ga Nuwamba 2024, maganar da ke yawo ita ce wai an haramta wa motoci shiga zuciyar birnin, an mayar da wurin lambu da filin masu keke, duk wanda ya kuskura ya shiga kuma sai ya biya Yuro 135. Lambuna dai akwai su a yankin, tarar ma tana rubuce. Haramcin shigar ne ba haka yake ba.

Dokar ta shafi gundumomi huɗu na farko na birnin, fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 5.5, inda mutane wajen 100,000 ke zaune. Abu ɗaya ta hana: ka shigo da mota ko babur ta wannan gefe, ka ɓulle ta wancan gefe, ba tare da kana da abin yi a ciki ba. Tana aiki dare da rana, duk mako. Manyan titunan da suka yi wa yankin iyaka ta arewa ba sa ciki, haka ma tsibirai biyu na tsakiyar kogin Seine, inda cocin Notre-Dame yake.

Bas, tasi, motar asibiti, 'yan kwana-kwana, masu katin naƙasa, mazauna yankin da masu aiki a cikinsa duk suna da hanya.

Sai kowa da kowa. Nan ne jita-jitar ta fi yin ɓarna, domin mutumin da ba ya cikin waɗancan rukunoni ma yana iya shiga da motarsa muddin can ya nufa. Za ka ga likita, ka shiga. Za ka kai kaya shago, ko ka sayi wani abu, ko ka gaida ɗan'uwa, ko ka je kallo, ka shiga. Ba ruwan dokar da tsufan motarka ko irin man da take sha. Wancan hurumin wata doka ce dabam ta gurɓatar iska, kuma haɗa su biyun da mutane ke yi shi ya ƙara dagula lissafin. Tambayar da dokar tsakiyar birnin ke yi wa direba ɗaya ce: nan ka zo, ko hanya ce ta biyo da kai?

To, ta yaya jami'in da ya tsayar da kai zai tabbatar da amsar? A ganina nan ne dokar ta fi rauni. Wanda ya fito yana iya nuna rasiɗin shago ko tikitin wurin ajiye mota. Wanda yake shiga fa, bai riga ya sayi komai ba? Wanda ya je gaisuwa ya tarar ba kowa a gida fa? A biranen Italiya irin su Rum da Fulorans, inda aka daɗe da irin wannan tsari, kyamara ce ke karanta lambar mota, in ba ka cikin rajistar masu izini takardar tara ta same ka a gida. Tsarin nan da tsauri, amma ba gardama a cikinsa. Faris ta zaɓi hanya mai sauƙi ga direba, sai sauƙin ya zo da ruɗani. Shi ya sa aka fara da wa'adin wayar da kai na aƙalla wata shida, ana tsayar da mutum a yi masa bayani ba tare da an ci shi tara ba. Yuro 135 ɗin dai shi ne kuɗin da aka yanka wa wannan aji na laifin hanya, kuma laifin shi ne ratsawa, ba shiga ba.

Wanda yake son ya gane dalilin dokar sai ya dubi bakin kogi. A 1967 aka buɗe wa motoci babbar hanya a gaɓar dama ta Seine, wadda aka sa wa sunan Georges Pompidou. A 2016, zamanin magajiyar gari Anne Hidalgo, aka rufe kilomita 3.3 na hanyar aka mayar da shi wurin shaƙatawa. Masu adawa suka garzaya kotu, a Fabrairun 2018 kotu ta soke matakin saboda ta ga gibi a binciken tasirinsa. Hukumar birnin ta sake fitar da wani umarni bisa hujjar kare wurin tarihi, wannan karon ya tsaya. Daga nan aka gane cewa shuka itatuwa shi ne aiki mai sauƙi. Lambun da motoci suka yi wa zobe, uwa ba za ta tsallaka da yaro ta kai shi ba, tsoho ma ba zai yi kasada ba. Sai an fara amsa tambayar yadda mutane za su iso, da inda motocin da aka kora za su koma.

Ta fannin isowa, tsakiyar Faris ba ta da abin kuka. Lambun Nelson Mandela yana zaune ne a unguwar Les Halles, kan babbar tashar ƙarƙashin ƙasa inda layukan jirgi uku masu zuwa garuruwan kewaye suka haɗu da layukan cikin gari. Ka fito daga jirgi ka hau matakala, sai ga ka a ƙarƙashin itace. Titin Rivoli, da a da yake cike da motoci, tun 2020 aka bar mafi yawansa ga kekuna da bas da tasi. Birnin da bai da irin waɗannan hanyoyi ya ce zai kwaikwayi dokar, ya ɗauki rabin abu ne.

Tambaya ta biyu ce ba a amsa ta yadda zai gamsar ba. Motar da aka hana ratsawa ba ɓacewa take yi ba, zagayawa take yi, kuma hayaƙinta yana sauka a kan unguwannin da ke bakin iyaka. Sannan da yawa daga cikin masu ratsawar ba 'yan cikin birni ba ne, mutanen garuruwan kewaye ne da tsadar haya ta tura waje, waɗanda ba su da ƙuri'a a zaɓen magajin garin Faris. Ko a cikin birnin ma, da aka tambayi mazauna a Maris 2025 ko a ƙara rufe tituna 500 a shuka itatuwa, kusan kashi biyu cikin uku suka ce eh, amma waɗanda suka fito jefa ƙuri'ar kimanin kashi 4 cikin 100 ne kawai. Mai gyaran famfo da ke tahowa daga bayan gari da kayan aiki cike da mota, in aikin nasa a cikin yankin yake, zai shiga ba mai ce masa komai. In kuwa a ƙetaren yankin yake, sai ya bi zagaye.