Hukuncin farke ciki a tsohuwar dokar Ingila: me ake nufi da shi?

Farke ciki hukunci ne da kotu ke yankewa a da, inda hauni zai tsaga cikin mai laifi ya zaro kayan cikinsa tun yana da sauran numfashi. A Ingila mataki ne guda cikin hukuncin cin amanar sarki, laifin da dokar 1351 ta zamanin Sarki Edward na Uku ta fayyace: ƙulla makircin kashe sarki, ɗaura masa yaƙi a ƙasarsa, ko mara wa abokan gabansa baya.

Da farko a ɗaure mutum a kan saƙaƙƙen itace, doki ya ja shi zuwa dandali. Ba don tausayi aka sa itacen ba, don kada ya mutu a hanya ne. Sai a rataye shi da gajeriyar igiya, a tsinke ta kafin ransa ya fita. A shimfiɗe shi, a farke cikin, a ƙone hanjin a gaban idonsa. Sau da yawa ana haɗawa da yanke al'aurarsa. Daga nan a sare kai, a raba gangar jiki gida 4, a ɗan tafasa don kada ta yi saurin ruɓewa.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda alƙalai suka jera azabar bisa lissafi. A shari'ar Dafydd ap Gruffydd, yariman Wales da aka kashe a Shrewsbury a 1283, ja da doki sakamakon cin amana ne, rataya ta kisan kai ce, farke ciki kuwa don ya zubar da jini a makon ibadar Ista. Rarraba jikin saƙo ne ga talakawa. William Wallace na Sikotilan, da aka kashe a Landan a 1305, an kafe kansa a gadar birnin, aka aika sassan jikinsa Newcastle da Berwick da Stirling da Perth.

Inda aikin ke kuɓuce wa hauni shi ne wajen rataya. In ya jinkirta tsinke igiya, ko wuya ya karye kamar na Guy Fawkes, wanda aka kashe a 1606 kan makircin kashe sarki, gawa kawai zai farke, kuma duk da haka sai an cika umarnin kotu.

Mata ba a yi musu wannan, ƙona su ake yi, har zuwa 1790. Dokar 1814 ta cire farke ciki, ta ce a rataye mutum har ya mutu kafin a taɓa jikinsa. A 1870 aka soke ja da doki da rarraba gawa a Ingila.