"Timid", "coward" da "chicken": kowace da irin tsoronta

Kwanaki wani maƙwabcina ya shigo min da takardar sakamakon ɗansa, rai a ɓace, wai malamar aji ta zagi yaron. Na duba, ashe "timid" ta rubuta. Shi kuwa tuni ya fassara ta da ragon maza.

Ba haka take ba. "Timid" ta fito ne daga kalmar Latin "timere", wato jin tsoro, kuma hali take bayyanawa: mai noƙe-noƙe, mai ɗari-ɗari da mutane, yaron da ya san amsa amma hannunsa ya ƙi ɗaguwa. Ba yabo ba ne, amma ba zagi ba ne. Ƙanwarta "shy" ta fi kusa da kunya, sai dai kunyar da mu muke yabon ɗa da ita, Bature kallon matsala yake mata.

Zagin gaske shi ne "coward". Tushenta tsohon Faransanci ne, daga kalmar da ke nufin wutsiya, wato dai kare ya cusa bindi tsakanin ƙafafu ya ranta a na kare. Ba a kiran mutum da ita don kawai gabansa ya faɗi. Sai ya gudu a inda ya kamata ya tsaya, ya bar wasu cikin wuta. A Ingila ta taɓa zama maganar rai da mutuwa. Tun daga 1914, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, mata kan miƙa wa namijin da bai shiga soja ba farin gashin tsuntsu a bainar jama'a, alamar shi matsoraci ne. An kuma harbe sojoji 306 na Birtaniya da ƙasashen daularta bisa laifuka irin su tsoro da gudu daga fagen fama, ba a yafe musu ba sai 2006.

Akwai wani amfani da ke rikita masu fassara. Idan 'yan bindiga suka afka wa ƙauye, sanarwar gwamnati takan ce "cowardly attack". Ba cewa ake maharan sun tsorata ba. Nufin shi ne sun far wa waɗanda ba su da abin kare kai, mata da yara da masu barci. Ni dai a ganina "harin ragwanta" ya fi "harin tsoro" dacewa.

Mu kura muka ɗora wa tsoro, ga tsoro ga ban tsoro. Su Turawa kaza suka zaɓa. Yara kan tsokani juna da "chicken", kuma "chicken out" na nufin mutum ya cika baki, da lokaci ya yi ya zame jiki. A 2025 wani marubucin jaridar Financial Times, Robert Armstrong, ya ƙirƙiro laƙabin TACO daga "Trump Always Chickens Out", saboda yadda shugaban Amurka ke barazanar ƙara harajin kaya sannan ya janye. Wannan ta hira ce da barkwanci, kada ka kuskura ka sa ta a wasiƙar ofis.