Magaryar tuƙewa ba wurin cijewa ba ce

Kwanakin nan da wuya ka saurari labarai ko shirin siyasa ba ka ji wani abu ya kai magaryar tuƙewa ba. Tattaunawar gwamnati da 'yan ƙwadago ta kai magaryar tuƙewa, rikicin jam'iyya ya kai, har tsadar abinci ma an ce ta kai. Wani yana nufin an kasa daidaitawa, wani kuma haƙuri ne ya ƙare. Abin da ke damuna shi ne kusan kullum a kan masifa ake kawo lafazin, alhali sunan wani wuri ne mai daraja a sama.

Fassara ce da malamanmu na zaure suka yi wa Sidratul Muntaha, wadda Allah Ya ambata a Suratun Najmi, aya ta 14. Sidra magarya, muntaha kuwa inda abu ya tuƙe. Ayar da ke bi mata ta ce a wurinta Aljannar Ma'awa take. Can aka kai Annabi (SAW) a daren Mi'iraji, kuma a hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu da Muslim ya rawaito, a nan aka ba shi salloli biyar, da ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara, da gafarar manyan zunubai ga wanda bai yi shirka ba daga al'ummarsa. To, ta yaya wurin da aka karɓo irin wannan kyauta zai zama sunan taron da aka tashi baram-baram?

Tuƙewar ce mutane ba su fahimta ba. Hadisin nan ya bayyana cewa duk abin da ya hau daga ƙasa a wurinta yake tsayawa a karɓe shi, abin da ya sauko daga sama ma haka. Imam Nawawi ya kawo daga Ibn Abbas da malaman tafsiri cewa a nan ilimin mala'iku ya tsaya, kuma babu wanda ya wuce ta sai Manzon Allah. Ke nan wanda ya kai magaryar tuƙewa ya iso ne, ya kai ƙarshen abin da halitta za ta iya kaiwa. Bai maƙale a hanya ba. Idan aka ce malami ya kai magaryar tuƙewa a nahawu, ko Kotun Ƙoli ce magaryar tuƙewar shari'a, an yi daidai, domin babu gaba. Amma ga taron da ya cije, Hausa ba ta rasa abin faɗa ba: an yi kiki-kaka, an yi cirko-cirko, tura ta kai bango.

Ita kanta bishiyar ta isa a tsaya a kanta. Duk wanda ya tashi a karkara ya san magarya: ƙaya gare ta, 'ya'yanta ƙanana, tana tsirowa a ƙasar da wasu itatuwa ba sa jurewa. Ganyenta ake sa wa a ruwan wankan gawa, bisa umarnin da Annabi ya ba Ummu Aɗiyya lokacin da 'yarsa ta rasu. Masana tsirrai za su ce sidirin ƙasar Larabawa ya fi kusa da kurna, amma dangi ɗaya ne, kuma magarya ce ta zauna a bakin malamai. Wannan itaciya ta talakawa aka ara sunanta wa iyakar halitta. A hadisin Maliku ɗan Sa'asa'a da ke cikin Buhari, 'ya'yan magaryar tuƙewa kamar tulunan garin Hajar suke, ganyenta kamar kunnuwan giwa, ga ƙoramu huɗu, biyu na ɓoye a Aljanna, biyu na fili su ne Nilu da Furatu. Alƙur'ani kuwa da ya zo kan abin da ya lulluɓe ta, cewa kawai ya yi abin da ke rufe ta yana rufe ta, bai fayyace ba. Suratul Waƙi'a, aya ta 28, ta ƙara da cewa magaryar 'yan Aljanna ba ta da ƙaya.

Ko a sama ta nawa magaryar tuƙewa take, akwai ruwaya biyu. Ta ɗan Mas'udu ta ce ta shida, ta Anas ta kawo ta bayan ta bakwai. Malamai sun haɗa su da cewa tushenta na ta shida, rassanta sun kai ta bakwai.

Akwai kuma labarin da ake yawan ji a wa'azi da taron Mauludi, cewa Jibrilu ya tsaya a nan ya ce da zai ƙara gaba ko da gwargwadon ɗan yatsa ne da ya ƙone. Wannan lafazi ba ya cikin ruwayoyin Buhari da Muslim, kuma ya kamata mai wa'azi ya faɗa wa jama'a haka. Sufaye sun ɗauki magaryar a matsayin alamar inda hankali da karatu suke tsayawa, abin da ke gaba sai wanda Allah Ya buɗe wa. Ko mutum bai bi ɗariƙa ba, zai ga wannan fahimta ta fi kusa da maganar Ibn Abbas fiye da yadda ake juya kalmar a gidajen rediyo.