Ranar Dimokuraɗiyya da Hutunta a Zariya

Ranar Dimokuraɗiyya hutun ƙasa ce da ake yi a Najeriya kowace 12 ga Yuni. Cikin ranakun hutun ƙasar, ita ce ta fi kama da ranar tunawa da wani jagora da ya shuɗe, domin ba a ambatonta sai an ambaci marigayi Moshood Kashimawo Olawale Abiola.

Asali

Ran 12 ga Yuni 1993 aka yi zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Abiola na SDP da Alhaji Bashir Tofa na NRC, jam'iyyu biyun da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa da kanta. Abiola da abokin takararsa Baba Gana Kingibe duk Musulmi ne, amma hakan bai hana su samun ƙuri'u Kudu da Arewa ba. Sakamakon da ya fara fitowa ya nuna Abiola ne a gaba, har a Jihar Kano, gidan Tofa. Ba a gama sanarwa ba aka dakatar da ita, ran 23 ga wata kuma aka soke zaɓen ɗungurungum. Har yau ana ja-in-ja kan wanda ya tilasta sokewar.

A Yunin 1994 Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a Legas. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta kama shi, ya rasu a tsare ran 7 ga Yuli 1998, wata guda bayan rasuwar Abacha.

Tun wajajen 2000, ran 29 ga Mayu ake bikin dimokuraɗiyya, ranar da soja suka miƙa wa Olusegun Obasanjo mulki a 1999. A lokacin, wasu jihohin Yarabawa kaɗai ke hutun 12 ga Yuni. Ran 6 ga Yuni 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da sauya ranar, ya ba Abiola lambar GCFR, wadda bisa al'ada shugabannin ƙasa ake ba. An fara hutun a faɗin ƙasa a 2019, ranar da aka raɗa wa babban filin wasa na Abuja sunan Abiola. Wasu sun ce gyaran zalunci ne, wasu sun ce zawarcin ƙuri'a ne.

Inda ake rufewa

Ministan harkokin cikin gida ne ke shelar hutun. A Zariya ana rufe bankuna, da sakatariyar ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, da kotuna, da gidan waya, da makarantun boko. Ofisoshin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo ba sa aiki, haka ma na Kwalejin Nuhu Bamalli. Idan ranar ta faɗo ƙarshen mako akan ɗaga hutun zuwa Litinin, kamar yadda aka yi a 2021 da 2022. Wannan ɗagawar ita ta fi kama mutane ba shiri: tsoho ɗan fansho ya biya kuɗin Keke Napep daga cikin gari zuwa unguwar PZ, ya tarar da ƙofar banki a kulle, mai gadi ya ce masa, "Baba, ai yau hutu ne, sai gobe."

Inda ake buɗewa

Kasuwa ba ruwanta da shelar minista. Tana ci a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru kamar kullum, motocin Kano da Kaduna suna lodi a Kwangila, gidajen mai da kemis a buɗe. Masu POS ma ranar cinikinsu ce, musamman in na'urar ATM ta ƙare da kuɗi tun hantsi. A Asibitin Koyarwa na Shika ana karɓar marasa lafiya na gaggawa, masu jinya kuma suna bakin aiki. Makarantun allo nasu hutun Alhamis da Juma'a ne, kalandar gwamnati ba ta shafe su ba. Rufe shaguna na gaske a Zariya sai ranar Idi.

Wasu ranaku

Babu hutun ƙasa da aka keɓe wa Sardauna Ahmadu Bello ko Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ran 15 ga Janairu, wadda ta yi daidai da juyin mulkin 1966 da ya ci rayukansu, Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya ce, kuma ana fita aiki.