Tsohuwar hitar dizal a jirgin ruwa: me ke hana ta kamawa, kuma ta ina take kisa?

A ƙasashen sanyi irin su Ingila, Holan, Norwe da gaɓar yammacin Kanada, mutane da yawa suna kwana cikin ƙananan jiragen ruwa. Wasu masunta ne, wasu kuwa jirgin ne gidansu baki ɗaya. Idan hunturu ya kankama, jikin jirgin yakan ɗauki sanyin ruwan da yake kai, ɗaki ya yi raɓa, bargo ya jiƙe, shi ya sa jirage da yawa ke da hita, wato na'urar ɗumama ɗaki, mai cin man dizal. Wanda ya sayi tsohon jirgi kuwa, har da tsohuwar hitarsa yake gada, galibi ba takarda, ba wanda ya san ranar da bakanike ya taɓa ta. Ga tambayoyin da irin wannan mutum kan yi.

Hitar nan iri nawa ce?

Iri biyu aka fi samu. Ta farko mai ɗigo ce. Mai yana gangarowa da kansa daga ƙaramin tanki, ya bi ta wani bawul da ke auna shi, ya riƙa ɗiga cikin wata tukunyar ƙarfe mai zafi, ya zama tururi ya kama wuta, hayaƙin ya fita ta dogon bututu a rufin jirgi. Aikinta bai yi nisa da na risho ba, sai dai ita ba ta da lagwani. Kamfanin Refleks na Danmak da Dickinson na Kanada sun yi suna wajen ƙera ta, kuma masunta suna son ta domin da yawanta ba sa bukatar lantarki.

Ta biyu mai fanka ce, irin ta Eberspächer da Webasto na Jamus, wadda asalinta don manyan motoci aka yi ta. Tana da ƙaramin famfo mai turo mai, da fulogi mai yin ja-wur ya kunna wuta, da fanka mai hura iska. Wutar tana ci ne a cikin rufaffen ɗakin ƙarfe, iskar da za ta shiga ɗaki tana bi ta bayansa ta kwashi zafi. Iskar da kake shaƙa da hayaƙin bai kamata su haɗu ba ko kaɗan, kuma duk zancen tsaron rai a kan wannan rabuwar ya ta'allaƙa.

Na kunna mai fanka, ta yi ƙara kaɗan sai ta mutu. Daga ina zan fara?

Daga batir. Mutane kan yi saurin kwance hita su zargi kwamfutarta, alhali wuta ce ba ta isa ba. Lokacin tashi, fulogi yana jan wuta sosai, wajen amfiya 8 zuwa 10 a na zamani, tsofaffi ma har ninkin haka. Idan ƙarfin wuta ya faɗi zuwa wajen bolt 10.5 a jirgin da ke amfani da bolt 12, hitar takan kashe kanta.

Kada ka auna a kan batir kawai. Ka sa mita a wayoyin da ke shiga hitar, ka auna daidai lokacin da take ƙoƙarin tashi. Sau da yawa batir yana nuna lafiya, amma siririyar waya mai tsawo, ko fiyus da ya yi tsatsa, ko mahaɗin da iskar gishiri ta mayar kore, sun cinye wutar a hanya. Akwai gwaji mai sauƙi: tayar da injin jirgi, sannan ka kunna hitar. In ta kama da inji a kunne amma ta ƙi idan an kashe shi, to hitarka ba ta da laifi, ka koma kan batir da wayoyi.

Wuta ta isa, amma farin hayaƙi kawai take fitarwa. Mene ne?

Farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai yana nufin mai ya iso amma bai kama ba. Abin zargi na farko fulogi ne, sai wata 'yar raga da ke zagaye da shi, wadda ke tsotse mai ta shimfiɗa shi don ya kama. Ragar nan takan toshe da baƙin dauɗa, kuma ba ta da tsada, sai dai a canza ta, wanke ta ɓata lokaci ne.

In kuwa babu hayaƙi sam, ka kasa kunne ga famfon. Ya kamata ka ji yana tak, tak, tak, a hankali da farko sannan ya ƙara sauri. In yana bugawa amma mai bai zuwa, duba tanki. Bututun da ke zuƙo wa hita mai da gangan ake yanke shi bai kai ƙasan tanki ba, don kada ta shanye man da inji zai koma gida da shi, saboda haka tanki yana iya nuna saura amma ita nata ya ƙare. Duba kuma ko akwai kumfar iska a tiyo, da 'yar matatar da ke bakin famfon. A hitocin Eberspächer, famfon kansa ana ɗaura shi ne a karkace, bakinsa na fita yana kallon sama, kamar digiri 15 zuwa 35. Irin wannan famfo in aka ɗaura shi a kwance yakan riƙe iska.

Shi ma man abin dubawa ne. Dizal ɗin Turai na yanzu yana ɗauke da man tsirrai har kashi 7 cikin 100, yana jan ruwa, kuma idan ya daɗe a tanki wasu ƙwayoyin halitta kan hayayyafa a tsakanin ruwan da man, su zama baƙin yauƙi mai toshe matata. Man da aka saya a lokacin zafi kuma yakan yi kakide idan sanyi ya tsananta.

Kada ka yi ta kunnawa kana kashewa. Kowane yunƙuri yana ƙara tara mai a ciki da cikin salansa, ranar da ta kama kuwa duk sai ya ci wuta lokaci guda. Wasu hitocin ma suna kulle kansu bayan yunƙuri da yawa, sai an zo da na'ura an buɗe.

Takan kama, ta yi 'yan mintoci, sai ta mutu. Wannan fa?

Yawanci zafi ne ya yi mata yawa. Wani ya jingina jaka a bakin da take shaƙar iska, ko tiyon iska mai zafi ya lotse a bayan kabad, ko an rufe ƙofofin fitar iskar duka. Dole a bar ko da guda ɗaya wadda ba ta rufuwa.

In tana fitar da baƙin hayaƙi, iskar ƙonawa ce ta gaza ko cikinta ya cika da kunkunniya. Babban abin da ke jawo haka shi ne barin ta a ƙaramar wuta kwana da kwanaki. Hitar da ta fi ƙarfin ɗakin da aka sa ta ita ta fi fama da wannan, domin ba ta samun damar yin aiki da ƙarfinta. A riƙa ƙure ta na kamar rabin awa lokaci-lokaci, kuma ko da bazara a tayar da ita sau ɗaya a wata.

Zan iya kashe ta daga babban makunnin batir?

A'a. Idan ka kashe ta daga nata makunnin, mai yana tsayawa amma fanka tana ci gaba da juyawa na 'yan mintoci har ƙarfen ya huce. In ka yanke wuta gaba ɗaya, zafin zai tsaya a ciki ya dafa wayoyi da kwamfutarta.

Tawa mai ɗigo ce. Wutarta ja ce, tana baƙanta gilashi.

Mai ya fi iska yawa. Ko bawul ya buɗe fiye da kima, ko ramukan iska na jikin tukunya sun toshe, ko bututun hayaƙi ya cika, ko kuma ya yi gajarta ba ya ja. A bar ta ta huce, a kankare ƙasan tukunya, a zura tsinken ƙarfe a ramin da mai ke shigowa, a share bututu tun daga sama. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce ko rawaya mai haske, gwargwadon ƙirar hitar, kuma ba ta hayaƙi.

Abu biyu ne nake so mai irin wannan hita ya riƙe da kyau. Na farko, idan wuta ta mutu tukunya na da zafi, kada ka sake kunnawa. Man da ya ci gaba da ɗiga ya riga ya zama tururi, ashana ɗaya za ta iya sa ya tashi a fuskarka. Rufe mai, jira ta huce sarai, ka tsane man da ya taru da tsumma, sannan ka kunna. Na biyu, ita daga cikin ɗaki take shan iska. In aka toshe kowace kafa saboda sanyi, ko aka kunna fankar kicin mai fitar da iska, ko inji yana zuƙar iska daga wuri guda, hayaƙin zai juyo ta bututu ya dawo ɗaki. Fetur kuwa ba ya kusantar ta, ko don tayar da wuta.

Tawa tana aiki lafiya ƙalau. Akwai abin da zan ji tsoro?

Akwai, kuma a ganina wannan ce tambayar da ta fi sauran nauyi. Hitar da ta ƙi kamawa sanyi kawai za ta sa ka ji. Wadda ke kamawa tana ɗumama ɗaki, alhali hayaƙinta na yoyo, ita ke ɗaukar rai.

A watan Disamba na 2019, an tsinci gawarwakin mutum biyu a cikin wani ƙaramin jirgi mai suna Diversion da ke ɗaure a kogin Ouse, a tsakiyar birnin York na Ingila. Hukumar binciken haɗurran jiragen ruwa ta Birtaniya ta gano cewa iskar kabon monoksaid daga hitar dizal ce ta kashe su. Salansar da aka sa wa hitar ba ta jirgin ruwa ba ce, mahaɗinta da bututun hayaƙi bai toshe sosai ba, ba ƙwararren da ya duba aikin, kuma babu ƙararrawar gargaɗi a jirgin. Hitar tana aiki, su kuwa sun zo kwana a jirgin.

Bambancin salansar yana da muhimmanci. Ta mota a ƙarƙashin mota take, a sarari, har ɗan rami ake yi mata don ruwa ya tsiyaye, in ta yi yoyo iska ta kwashe. A jirgi kuwa bututun yana ratsa cikin kabad ko wani lungu kafin ya huda jikin jirgi ya fita, don haka duk abin da ya zubo a ciki yake zama. In kuma hitar daga wannan lungun take shaƙar iskar da za ta hura, to da fankarta za ta kai gubar har kan gado. Salansar jirgi dole ta zama an yi mata walda ko'ina, bututun ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, a naɗe shi da abin hana zafi, a lanƙwasa shi sama kafin ya fita don kada igiyar ruwa ta shigo. A riƙa kwance naɗin ana dubawa, domin yana ɓoye tsagewa. Duk inda ka ga baƙin tabo a kusa da mahaɗi, yoyo ne, kada a kunna sai an gyara. A waje kuma, a tabbata tanti ko robar kare jikin jirgi ba su rufe bakin bututun ba, kuma ba ya hurawa cikin tagar jirgin maƙwabci.

Iskar kabon monoksaid ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau fiye da 200. Ita ce dai wadda ke hallaka iyali a gidajenmu idan an kwana da janareta a cikin gida, ko aka shigar da kaskon gawayi ɗaki aka rufe ƙofa da hunturu. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. In mutum biyu suka ji haka lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da fitowa waje, to a ɗauka ita ce. Mai barci kuwa ba ya jin komai.

Wace ƙararrawa zan saya, ina zan sa ta?

Ka nemi wadda ke ɗauke da lambar EN 50291-2, ita aka gwada don jirgi da motar kwana, tana jure girgiza da laima. Tun ranar 1 ga Afrilu 2019, tsarin duba lafiyar jirage na yawancin koguna da hanyoyin ruwan cikin Birtaniya ya wajabta ta a duk jirgin da ke da ɗakin zama. A wurin kwana, sa ta kusa da inda kan mai barci yake. Kada ta kasance dab da hita ko saman murhu. Tana da ranar mutuwa a rubuce a bayanta, yawanci shekara 7 zuwa 10, wadda ta wuce haka ado ce kawai. Ƙararrawar hayaƙin gobara daban take, ba ta jin wannan iska.

In ta yi kuka, a fitar da kowa waje tukuna, a kashe hita in ana iya isa gare ta, a buɗe ƙofofi, wanda ya ji jiri a kai shi asibiti a faɗa musu abin da ya shaƙa. Kada a cire batirinta da sunan ta cika damun mutane.

To ana iya kwana da ita a kunne?

Mutane da yawa suna yi. Ni dai ba zan ba da wannan shawara a kan hitar da aka gada ba sai an cika sharuɗɗa uku: wanda ya san aikin ya duba bututun hayaƙinta daga tushe har bakin fita, ƙararrawa tana aiki, kuma kafofin shan iska a buɗe suke. Kafin nan, a ɗumama ɗaki, a kashe, a ƙara bargo.

Yaushe gyara ba ya da amfani, sai dai a sauya?

Fulogi, raga, gaskit, famfo, har fanka, duk ana canza su, kuma tsohuwar hita mai kyau ta cancanci wannan kuɗin. Iyakar gyara ita ce ƙarfen da ya raba wuta da iskar ɗaki. Masu ƙera hitocin fanka suna cewa a canza shi bayan shekara 10 yana aiki, kuma in ya tsage ba a yi masa walda ko liƙi. In kayan gyaran samfurinka sun ɓace a kasuwa, a nan ma sai haƙuri.

Masu sauyawa da yawa yanzu suna sayen masu arha ƙirar Sin. Da yawansu suna aiki, amma kayan da ke zuwa cikin kwalinsu na mota ne: salansa mai ramin tsiyaya, siririn bututu, kilif marasa ƙarfi, da tiyon mai na roba. In za ka sa irinta a jirgi, ka ajiye waɗannan gefe, ka sayi salansa da bututun hayaƙi da bututun mai na jirgin ruwa, sannan ka kira ƙwararre ya duba aikin kafin daren farko.