Waiwaye: Su wa suka yi zanen cikin kogo, kuma don me?

A shekarar 1879, wani mai gonaki a arewacin Sifen, Marcelino Sanz de Sautuola, ya shiga kogon Altamira yana tonon kayan mutanen dauri. Idonsa na ƙasa. 'Yarsa Mariya, mai shekara takwas, ita ta ɗaga kai ta hango wasu irin ɓauna a rufin kogon, an zana su da jar ƙasa da baƙi. Da uban ya sanar a 1880 cewa aikin mutanen zamanin dutse ne, manyan masana suka yi masa caa, har aka ce hayar mai zane ya yi. A ganinsu, mai farauta da mashin dutse ba shi da wannan basira. Bawan Allah ya rasu a 1888 da tabon maƙaryaci. Sai a 1902, bayan an gano irinsu a Faransa, Émile Cartailhac, jagoran masu ƙaryata shi, ya fito a rubuce ya amsa kuskurensa.

Daga nan gardama ta koma kan dalili. Henri Breuil, limamin coci kuma masani, ya yaɗa ra'ayin cewa asirin farauta ne: a zana dabba don a samu sa'a a kanta. Maganar ta daɗe tana tashe, amma kogon Lascaux na Faransa, wanda samari huɗu suka gano a 1940, ya kawo mata cikas. Dawakai da bajimai ne suka cika bangon, alhali ƙasusuwan da aka tone a ƙasa galibi na barewar ƙasashen ƙanƙara ne. Abin da suke ci daban, abin da suke zanawa daban. A 1996 wasu masana biyu, David Lewis-Williams da Jean Clottes, suka ce bokaye ne ke zana abin da suka gani idan sun fita hayyacinsu. Wannan ma bai gamsar da kowa ba.

Ni abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne tafin hannu. Mutum ya kutsa cikin duhu da 'yar fitilar kitse, ya manna hannu a jikin dutse, ya guntsi jar ƙasa ya fesa, ya ɗage hannun, siffar ta zauna shekara dubbai. An daɗe ana ɗaukar cewa duk na maza mafarauta ne. A 2013 wani masani, Dean Snow, ya auna yatsun hannaye 32 a kogunan Faransa da Sifen, ya ce 24 na mata ne. Akwai ma hannayen yara a wasu kogunan.

Tunanin cewa Turai ce mafarin abin shi ma ya rushe. A tsibirin Sulawesi na Indonesiya an samu zanen alade da mutane da aka ce ya kai shekara 51,200, ya girmi na kogon Chauvet da ke Faransa mai kusan 36,000. A 2018 kuma wasu masana suka ce alamomin wasu koguna uku a Sifen sun haura shekara 64,000, wato kafin irinmu su isa can, don haka na mutanen Neanderthal ne, wani jinsin mutanen dauri da ya ƙare. Har yanzu ana jayayya kan wannan awon.

Mu ma muna da namu. A duwatsun Birnin Kudu da ke Jigawa akwai zanen shanu, kuma dab da su akwai duwatsun da ke amo kamar kuge idan an buga. Duk wanda ya tsaya a wurin, da wuya ya raba zanen da kiɗa da taron jama'a.