Allon talla na dijital da hanyoyin tantance shi

Allon talla na dijital babban allo ne mai aiki da lantarki da ake kafawa a kanti, banki, otal, asibiti, gidan mai ko bakin titi domin nuna farashi, talla, sanarwa ko jadawali. Ana sauya abin da ke kansa ta kwamfuta, waya ko filashi, ba sai an koma wurin mai buga bana ba. A ido yana kama da talabijin ɗin falo, amma an gina shi ne don ya yini yana aiki, wani ma ya kwana, a wurin da haske da zafi suka fi na cikin gida. A gari irin Katsina ko Daura, girman allo shi ne abin da mai saye ya fi fara tambaya, alhali rana, ƙura da yanayin wuta su ne ke yanke hukuncin ko allon zai yi shekara biyar ko zai mutu kafin damina ta zagayo.

Asali

Manyan allunan bidiyo sun fara fitowa a filayen wasa. A 1980 kamfanin Mitsubishi ya kafa allonsa mai suna Diamond Vision a filin wasan ƙungiyar Dodgers da ke Los Angeles a Amurka, sannan Sony ya nuna JumboTron a baje kolin Tsukuba na Japan a 1985. Waɗannan ba da ƙwayayen LED, wato ƙananan fitilun lantarki, suke aiki ba. Sai a farkon shekarun 1990, da aka samu ƙwan LED shuɗi mai ƙarfin haske, aka iya haɗa ja da kore da shuɗi a fitar da kowane launi. Isamu Akasaki, Hiroshi Amano da Shuji Nakamura sun karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014 saboda wannan aiki.

Iri biyu da ke kasuwa

Na farko shi ne allon LCD, gilashi guda da fitilu ke haska shi ta baya. Ana auna shi da inci daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma girman da aka saba gani shi ne 43, 55, 65, 75, 86 da 98. Mai inci 55 faɗinsa ya kai kimanin santimita 121, tsayinsa 68. Mai inci 86 kuwa ya doshi mita 1.9 a faɗi, abin da ya kamata a auna da ƙofar shago tun kafin a yi ciniki. Hotonsa yakan zo da ɗigo 1920 sau 1080, ko 3840 sau 2160 wanda ake kira 4K. Shi ya dace da cikin gini, inda mai kallo ke kusa.

Na biyu shi ne allon LED na gutsattsari, wanda ake jera ƙananan faranti har su kai girman da ake so. Irinsa ne ake ɗorawa a kan ƙarfe a shataletale ko gaban babban gini. Ana gane ingancin hotonsa da lambar P, wato tazarar da ke tsakanin ɗigon haske da na kusa da shi a milimita: P2.5, P4, P6, P10. Masu sana'ar suna da ƙiyasi mai sauƙi, cewa lambar P kusan ita ce mafi ƙarancin mitocin da ya kamata mai kallo ya tsaya. P10 a bakin titin IBB na Katsina, inda masu mota ke hango shi daga nesa, ya wadatar. A sa shi a ɗakin taron biki, na teburin gaba ɗigo-ɗigo kawai zai riƙa gani. Akasin haka ma asara ce, domin P2.5 ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma daga mita talatin ido ba ya bambance su.

Ƙarfin haske

Ana auna hasken allo da nit, wato kandela (ma'aunin ƙarfin haske) ɗaya a kan murabba'in mita. Talabijin na gida yawanci yana tsakanin nit 250 zuwa 400. Allon kasuwanci na cikin gini yakan ba da 350 zuwa 700. Wanda za a sa a bayan gilashi yana fuskantar titi yana bukatar daga 1,500 zuwa sama, da yawa ana yin su a 2,500 ko fiye, su kuma allunan LED na waje sukan kai 5,000 ko su wuce.

A nan ne aka fi yin kuskure, saboda ɗakin da ake nuna kaya yana da inuwa, kowane allo kuma yana da kyau a inuwa. Katsina tana kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta kai tsaye, don haka shagon da ke kallon gabas ko yamma shi ke shan ta a fuska. Na yamma ya fi wahala, don rana tana shigo masa bayan azahar, daidai lokacin da zafi ya kai maƙura. Allo mai nit 350 a irin wannan taga madubi yake zama; mai wucewa inuwarsa zai gani da ta babur ɗin da ke bayansa, farashin kuwa ya ɓace. Fuskar gilashin ma tana da tasiri. Mai sheƙi yana mayar da hasken fitila da na taga, shi kuwa mai dishi-dishi yana watsa shi, rubutu ya fito. Allo mai kyau yana da na'urar da ke rage haskensa da kanta idan dare ya yi, don kada ya kashe wa direbobi ido, kuma wuta ta ragu.

Zafi da ƙura

Takardar bayanin yawancin allunan cikin gini tana nuna za su yi aiki daga digiri 0 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas. A watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina da Daura kan haura 40 a inuwa, balle a shago mai rufin kwano ko tsakanin allo da gilashin taga inda iska ba ta zagayawa. Idan rana ta dafa gilashin LCD fiye da kima, sinadarin cikinsa yana daina juya haske, sai baƙin tabo ya bayyana, galibi a tsakiya, ya riƙa faɗaɗa. Yakan koma daidai idan ya huce, amma maimaituwar hakan tana lalata shi. Akwai gilashin da aka yi musamman don jure wannan, kuma dole mai sayarwa ya nuna shi a rubuce.

Ƙurar hunturu tana aikinta a hankali. Fankar da ke sanyaya allo ita ce ke zuƙo ta ciki, ta kwanta a kan kayan wuta, ta toshe ramukan iska, zafi ya taru. Shi ya sa ake duba lambar IP, wadda ƙa'idar IEC 60529 ta tsara: lamba ta farko kariya ce daga ƙura, ta biyu daga ruwa. IP65 na nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan, kuma yana jure feshin ruwa. Allon waje da ba shi da irin wannan lamba, guguwar farkon damina kaɗai ta ishe shi. A tambaya ko lambar ta shafi gaba da baya, domin wasu faranti fuskarsu kawai aka toshe.

Wuta

Katsina tana ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na KEDCO, tare da Kano da Jigawa, kuma wutar Najeriya volt 230 ce. Kusan kowane ɗan kasuwa yana haɗa ta da janareta ko sola, saboda haka lissafin wat yana da muhimmanci. Allon da ke jan wat 150, idan ya yi awa 16, ya ci yunit 2.4 a rana. Mai hasken taga yana cin ninkin wannan, shi kuwa LED na waje ɗaruruwan wat yake ja a kowace murabba'in mita idan hoton fari ne fat. Da adadi mafi girma ake auna inbata da batir, ba da matsakaici ba.

Sauyawa daga wutar gari zuwa janareta shi ke yawan ƙona sashen wutar allo, don haka stabilaiza da makarin tsallen wuta suna cikin kuɗin saye. Allon da ke kan dogon ƙarfe yana bukatar a binne masa wayar ƙasa saboda tsawa. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ba a cika tambaya ba: idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, shin allon zai tashi da kansa ya ci gaba da tallarsa, ko sai yaron shago ya nemo rimot?

Awannin aiki da na'urar kunnawa

Kamfanoni suna rubuta 16/7 ko 24/7 a jikin samfurin, ma'ana awa 16 ko 24 a rana, kwana bakwai a mako. Kantin da ke rufewa bayan isha'i 16/7 ya ishe shi. Asibiti, otal da tashar mota su ne na 24/7. Adadin awa 50,000 da ake yawan ambata shi ne lokacin da haske zai ragu zuwa rabi, sama da shekara biyar da rabi ke nan idan ba a kashewa. Talabijin na gida ya fi araha, amma garantinsa sau da yawa bai shafi aikin kasuwanci ba, ba a kuma yi shi don a kafa shi a tsaye ba, kuma hoton da ya daɗe bai motsa ba, kamar tambarin kanti, yana iya barin inuwa a gilashin.

Wasu allunan suna da ƙaramar kwamfuta a ciki: Samsung na amfani da tsarin sarrafawa na Tizen da manhajar MagicINFO, LG na amfani da webOS, wasu kuma Android. Sauran sai an haɗa musu akwatin kunna hotuna ta wayar HDMI, irin na kamfanin BrightSign. Abin dubawa shi ne ko yana ajiye hotuna a cikinsa ya ci gaba idan intanet ta yanke, da kuma ko manhajar ta biyan kuɗin wata-wata ce da dala.

Mai tallar Hausa ya gwada haruffan ƙ, ɗ da ɓ tun a wurin saye. Tsarin rubutun da bai san su ba akwati ko alamar tambaya yake sakawa a gurbinsu. Haka ma ajami da Larabci, a tabbatar suna tafiya daga dama zuwa hagu, haruffan kuma a haɗe. Game da girman rubutu, ƙiyasin masu zane shi ne santimita 2.5 na tsayin harafi ga kowace mita 3 ta nisan mai karatu.

Gwaji, izini da kayan gyara

Ana gwada allo da hoto fari zalla, sannan baƙi, ja, kore da shuɗi. Fari yana tona wurin da haske bai daidaita ba, baƙi yana nuna hasken da ke yoyo ta gefe, sauran kuma suna fito da ɗigon da ya mutu. Na hannu a shiga saitinsa a ga awannin da ya yi, don yawancin allunan kasuwanci suna ƙirga su. In da hali, a kunna shi a inda zai zauna da misalin ƙarfe uku na rana, a tsallaka titi a karanta.

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya kula da allunan talla na waje cikin ayyukan ƙananan hukumomi, abin da tallar ta ƙunsa kuma yana ƙarƙashin ARCON, hukumar kula da harkar talla ta ƙasa, wadda ta maye gurbin APCON a 2022. Kafin a zuba kankare a kafa ƙarfe, a nemi izini a rubuce.

Manyan dillalan waɗannan kaya sun fi yawa a Legas, Abuja da Kano, saboda haka a san wanda zai zo gyara da wanda zai biya kuɗin motarsa. Mai sayen LED na gutsattsari ya karɓi ƙarin faranti da na'urorin wuta tare da allon, daga rukunin da aka ƙera su tare. Farantin da aka sayo daga baya, ko da lambarsa ɗaya ce, launinsa kan ɗan bambanta, kuma facin yana fitowa fili duk lokacin da hoton ya zama fari.